Nana Asma'u 'yar Shehu: Malamar da ta auna kowace magana da kunnen mai jin ta

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, zai ratsa ƙasar Wurno. A nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Wurno tana da wani tarihi na daban da ba a cika ambatonsa ba: tana cikin wuraren da ƙanwarsa Nana Asma'u ta zauna, ta yi rubutu, ta kuma koyar. Rayuwarta ta amsa wata tambaya da take damun iyaye a yau, wato wace magana ce ta dace da wane kunne, kuma a wane shekaru.

An haifi Asma'u a Degel wajen 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Ita 'yar tagwaye ce, abokin tagwaicinta Hassan, amma Shehu bai sa mata Husaina kamar yadda aka saba ba. Ta tashi a gidan da mata suke karatu kamar maza, ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma san Buzanci. Tana kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura tun ƙuruciya, har zuwa faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Saboda haka lokacin da ta zo rubuta abin da ya shafi mutuwa da tsoro, ba labari aka ba ta ba.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Wannan aure ya sanya ta a tsakiyar al'amuran daula. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ta shiga aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su, ta kuma fara nata. Daga cikin na farko akwai Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Kafin ƙarshen rayuwarta ta bar ayyuka kimanin sittin, waƙe da zube.

Matsalar da ta fuskanta ba ƙarama ba ce. Yaƙe-yaƙe sun tara mutane iri-iri a ƙasar Rima. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Bello ya rinjayi rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, an sami ƙarin mata da yara masu yawa a garuruwa da ƙauyuka, mafi yawansu ba su jin Larabci ko Fulatanci, kuma abin da suka sani na neman waraka da kwanciyar rai shi ne bori. A gefe guda kuma ga malamai da ɗalibai da suka yi nisa a fiƙihu da tasawwufi. Littafi ɗaya ba zai yi wa waɗannan duka amfani ba.

Mataki na farko da ta ɗauka shi ne zaɓen harshe. Abin da yake bukatar zurfin karatu, da Larabci ta rubuta shi. Misali shi ne Tabshirul Ikhwan na 1839, kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, wanda ya taɓo cututtuka da matsalolin ciki da haihuwa. Ba wanda zai iya buɗe shi sai wanda ya shafe shekaru a gaban malami, don haka harshen da kansa ya zama ƙofa mai tsaro. Fulatanci ta yi amfani da shi ga dangi da jama'ar Shehu na kusa, musamman a waƙoƙin makoki da na tarihi. Hausa kuwa ta keɓe ta ga jama'a baki ɗaya. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a gajeruwar waƙa mai sauƙin hadda ga mafari. Ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa. Ta ɗauko littafin nasiha da Bello ya rubuta da Larabci kan salihan mata, ta saƙa shi waƙa, wadda aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ƙanenta Isa ya taimaka da fassara, shi ne ya mayar da waƙarta ta tarihin jihadi zuwa Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye.

Kada a ɗauka cewa ta ɓoye wa talakawa abubuwa masu nauyi. A Godaben Gaskiya da Tsorace-tsoracen Tsayin Ƙiyama ta siffanta hisabi da azabar wuta da kalmomi masu sa tsikar jiki tashi. Ta yi waƙa kan yaƙin Gawakuke, ta yi makokin Bello da na mijinta da na ƙawayenta. Amma tsoratarwar tata tana da manufa bayyananniya: a bar zalunci da tauye mudu da giba, a tsai da salla. Tana haɗa gargaɗi da bushara, ta nuna wa mai sauraro mafita. Ba ta siffanta mugun abu don a ji daɗin siffantawar ba.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi shahara, wato tsarin 'Yan Taru da ta kafa. Ta zaɓi dattijan mata amintattu daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan alama ce da aka san Innar Gobir da ita, shugabar bori, sai Asma'u ta juya ma'anarta ta zama tambarin malanta. Masu yin tafiya zuwa wurinta su ne 'yan matan da ba su kai aure ba da tsofaffin da suka wuce haihuwa. Matan aure suna gidajensu, jaji ce take komawa ta kai musu karatu. Ta haka waƙa ba ta isa ƙauye ita kaɗai, tana zuwa ne tare da wadda ta san masu sauraro, ta san abin da za ta yi wa yarinya bayaninsa a taƙaice da abin da za ta buɗe wa matar aure.

Zamaninmu ya bi wata hanya don warware wannan matsala, ita ce ta lamba da tambari. A Japan, littattafan labarai na zane da ake kira manga an raba su bisa masu karatu: shonen na yara maza, shojo na 'yan mata, seinen na samari da magidanta, josei na manyan mata. Bayan ƙorafin iyaye kan zanen batsa, mawallafa sun fara buga tambarin na manya a bangon wasu littattafai a 1991. A Amurka, kamfanin Viz Media yana sa harafin M ga abin da bai dace da wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da ake dubawa shi ne tsiraici da jima'i a fili, zubar da jini da aka zana dalla-dalla, ashar, shaye-shaye, da jigogi masu nauyi kamar fyaɗe da kisan kai. A Najeriya an kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993, Jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001.

Sai dai tambari yana aiki ne a kanti, inda mai sayarwa yake ganin fuskar mai saye. Wayar hannu ba ta tambayar shekaru. Ɗan kasuwa yana rumfa, ma'aikaci yana ofis, yaro kuwa yana ɗaki da manga da littattafan Hausa da ake yaɗawa a WhatsApp, iyaye suna ganin zane suna zaton wasan yara ne. A nan ne hanyar Asma'u take da abin koyi. Batu shi kaɗai ba ya mayar da rubutu na manya, domin mutuwa da yaƙi suna cikin abin da ta koya wa kowa. Abin lura shi ne zurfin siffantawa, da manufar da aka yi ta dominta, da kuma ko akwai babba a kusa da zai yi bayani. Lamba tana iya faɗakar da uba, amma ba za ta zauna da yaro ta amsa tambayarsa ba. Wannan aikin jaji ne, kuma a yau ya faɗo kan iyaye da malamai.

Giɗaɗo ya rasu lokacin da ɗansu Abdulƙadir yake riƙe da wazirci. Asma'u ta ci gaba da rubutu da karɓar 'yan taru har ta tsufa. Ta rasu wajen 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ɗauki ragamar 'Yan Taru daga Wurno. Rubuce-rubucenta sun tsira a gidan Waziri, inda marigayi Waziri Junaidu ya adana su, daga nan Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa su a dunƙule a 1997. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewa suna ɗauke da sunanta. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya ba mu ikon kula da abin da yake shiga kunnuwa da idanun 'ya'yanmu.