Guru Jambheshwar: Makiyayin Indiya da ya haramta wa mabiyansa sare ɗanyen itace

A hamadar Thar da ke arewa maso yammacin Indiya akwai wata al'umma mai suna Bishnoi, wadda fiye da shekara ɗari biyar ke nan tana riƙe da dokar hana sare ɗanyen itace da kashe namun daji. Wanda ya kafa ta shi ne Guru Jambheshwar, wanda mabiyansa ke kira Jambhoji.

An haife shi a shekarar 1451 a ƙauyen Pipasar da ke yankin Nagaur, cikin jihar Rajasthan ta yau. Sunan mahaifinsa Lohat Panwar, mahaifiyarsa kuwa Hansa Devi. Tarihin da mabiyansa suka adana ya nuna cewa ya shafe shekara 27 yana kiwon shanu, a ƙasar da damina kan yi gardama, rijiyoyi su ƙafe, yashi ya binne gonaki.

A 1485, yana da shekara 34, aka yi mummunan fari a yankin Marwar. Jama'a suka kama hanyar ƙaura da dabbobinsu, waɗanda suka rage kuma suka faɗa wa itatuwa da namun daji don neman abin sawa a baki. A lokacin Jambheshwar ya tare a kan wani tudun yashi mai suna Samrathal. Ana ba da labarin cewa ya riƙa raba hatsi ga mabukata, yana hana su gudu, yana kuma nuna musu cewa wanda ya sare itacen da ke ciyar da shi a bana, baɗi yunwarsa za ta fi tsanani. A wannan shekara ya kafa tafarkinsa a kan dokoki 29, kuma galibi ana cewa daga nan sunan ya samo asali, domin a harshen yankin “bish” ashirin ne, “noi” kuma tara.

Koyarwarsa ta tsiro ne daga addinin Hindu da bautar Vishnu. Tsofaffin littattafan Veda sun ɗauki ƙasa a matsayin uwa, littafin Taittiriya Upanishad kuma ya yi hani da wulaƙanta abinci ko zubar da shi. Abin da Jambheshwar ya yi shi ne sauko da wannan tunani zuwa cikin gida da garke, cikin harshen talakawa, ta waƙoƙi 120 da ake kira Shabadvani. Ya umarci mabiyansa su tace ruwa da madara kafin sha, su kakkaɓe itacen girki don kada ƙwari su ƙone, su tanadi mafaka ga dabbobin da aka yasar, su guji nama da giya da sauran kayan maye. Saɓanin yawancin mabiya Hindu, 'yan Bishnoi binne mamatansu suke yi, abin da ke rage musu buƙatar itacen ƙona gawa.

Itacen da suka fi karewa shi ne khejri, ɗan uwan ƙiryar da aka sani a ƙasar Hausa. Ganyensa abincin raƙuma da awaki ne. 'Ya'yansa, da ake kira sangri, ana shanya su a adana don miyar rani, a shekarun yunwa kuma har ɓawonsa akan niƙa a gauraya da gari. Ke nan hana sare shi tamkar tsare rumbun gari ne.

Jambheshwar ya rasu a 1536 yana da shekara 85, aka binne shi a Mukam, kusa da Nokha, inda mabiyansa ke taruwa sau biyu a shekara.

Kusan shekara ɗari biyu bayan rasuwarsa aka gwada ƙarfin dokarsa. A 1730 sarkin Jodhpur, Abhai Singh, ya aika ma'aikatansa ƙauyen Khejarli su saro itacen gasa farar ƙasa don ginin fada. Wata mata mai suna Amrita Devi ta rungume itace ta ƙi saki, aka kashe ta tare da 'ya'yanta mata uku. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka bi sahunta, har aka kashe mutum 363. Da labari ya isa fada, sarkin ya janye umarninsa, ya kuma haramta sare itace da farauta a ƙauyukan Bishnoi. A 2013 gwamnatin Indiya ta ware 11 ga Satumba don tunawa da waɗanda suka mutu wajen kare dazuzzuka, an kuma sa sunan Jambheshwar ga wata jami'a da aka kafa a Hisar a 1995.

Matsalar da ya fuskanta ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Adamawa na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin katangar bishiyoyi na tarayya don tare kwararowar hamada, amma buhunan gawayi ba su daina shigowa Jimeta ba, kuma ƙirya na cikin itatuwan da masu gawayi suka fi nema. Ga ma'aikatan da ke tsara irin waɗannan shirye-shirye, jerin abubuwan da suka faru a Marwar abin lura ne: talakawa sun riƙe dokar Jambheshwar shekara 245 kafin fada ta mayar da ita doka.