Labarin Likita John Snow, Wanda Ya Bi Sawun Cuta Har Bakin Rijiya

Duk wanda ya san Daura ya san rijiyar Kusugu. Kakanni sun bar mana labari cewa a zamanin Sarauniya Daurama akwai wani maciji a cikinta, ana ce da shi Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ran Jumma'a. Sa'ad da Bayajida ya sauka garin da dare ya roƙi ruwa wurin tsohuwar da ta ba shi masauki, ba ta da shi. Sai ya ɗauki guga ya nufi rijiyar, ya sare kan macijin. Daga ran nan mutanen Daura suka sami ruwa kullum.

A wannan wata za mu ba ku labarin wani mutum wanda shi ma ya yi fama da mugun abu a cikin rijiya. Amma nasa abokin gāba ya fi na Kusugu wayo, gama ido ba ya ganinsa, ba ya kuwa hana kowa ɗiba. Ya kan bari a ɗebi ruwan a kai gida, a zuba a randa, a ba yara, sa'an nan ya yi ɓarnarsa. Sunan mutumin nan Likita John Snow, mutumin Ingila.

An haife shi ran 15 ga Maris, 1813, a birnin Yok. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 9. Ubansa lebura ne a wurin da a ke sayar da kwal, gidansu kuwa yana unguwar talakawa a bakin kogi, inda ambaliya ta kan shiga. Da ya kai shekara 14 aka kai shi Niyukasil ya koyi aiki a hannun wani likita mai suna William Hardcastle. Tun yana saurayi ya bar shan giya da cin nama, ya kuma riƙa lura ƙwarai da tsabtar ruwan da ya ke sha.

A cikin shekara ta 1832 ya fara gamuwa da kwalara, watau cutar amai da gudawa. Maigidansa ya aike shi wani ƙauye mai suna Killingworth ya yi jiyyar masu haƙar kwal. A can ya ga yadda ƙato mai ƙarfi ya kan tashi lafiya da safe, kafin dare idanunsa sun faɗa, jikinsa ya bushe. Ya kuma lura da zaman mutanen nan a cikin rami: can su ke cin abincinsu, can su ke zagayawa, ba ruwan wanke hannu. Abin nan ya zauna masa a zuciya shekara da shekaru.

A 1836 ya tafi Landan da ƙafa domin ƙarin karatu. Ya sami shaidar aikin likita a 1838, ya buɗe wurin aikinsa a wata unguwa mai cunkoso da a ke kira Soho. Da aka fara amfani da maganin sa barci domin yi wa mutum aiki ba tare da ya ji zafin wuƙa ba, Snow ya duƙufa a kai har ya zama gwani, ya san gwargwadon da za a ba mutum. Sunansa ya kai fāda. Shi ne ya ba Sarauniya Biktoriya maganin nan sa'ad da ta ke haihuwa a 1853, ya sāke ba ta a 1857. Da ya so, da ya tsaya nan ya ci arzikinsa a cikin manya. Amma zancen kwalara bai bar shi ya huta ba.

A zamanin nan yawancin likitoci sun gaskata mugun wari ne ke kawo cutar, watau iskar da ke tashi daga juji da kwata. Snow ya yi tunani ya ce, in da shaƙar cutar a ke yi, ai da huhu za ta fara kamawa, ga shi kuwa ciki ta ke fara tsinkawa. Ashe haɗiye ta a ke yi. Tana fita daga cikin mara lafiya tare da bayan gidansa, ta sami hanya ta shiga ruwa ko abinci, ta koma cikin wani. Ya rubuta wannan a wani ɗan littafi a 1849, lokacin da annobar ta kashe fiye da mutum 50,000 a ƙasar. Mutane kaɗan ne suka kula da shi. Suka ce ina shaida?

Shaida ta zo a 1854, ta hanya biyu. Ta fari a kudancin Landan ne, inda kamfani biyu ke sayar wa mutane ruwan famfo daga Kogin Tamis. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana jan nasa daga cikin gari, inda ƙazantar birnin ke kwarara. Kamfanin Lambeth kuwa ya riga ya ƙaura da wurin jan ruwansa can sama da gari tun 1852. A titi guda sai ka tarar wannan gida yana shan na wannan kamfani, maƙwabcinsa yana shan na wancan, iska ɗaya su ke shaƙa, wari ɗaya su ke ji. Snow ya bi gidajen da aka yi mutuwa ɗaya ɗaya yana tambaya ruwan wa su ke sha. Da ya haɗa lissafin makonni 7 na farkon annobar, ya tarar cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan cikin gari mutum 315 sun mutu, a na Lambeth kuwa 37 kaɗai.

Yana cikin wannan aiki sai shaida ta biyu ta tashi kusa da gidansa. Ran 31 ga Agusta kwalara ta faɗa wa unguwar Soho. Cikin kwana 3 mutum 127 suka mutu, cikin kwana 10 suka haura 500. Masu halin gudu suka rufe gidajensu suka gudu. Snow ya yi zargin wata rijiya mai famfon hannu a titin Broad. Mutane suna son ruwanta ƙwarai saboda sanyinsa da daɗinsa, har waɗansu su kan wuce rijiyar da ke kusa da su su zo nan. Ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wata ƙazanta ta a zo a gani ba. Duk da haka bai saki zarginsa ba. Ya karɓo sunayen mutum 83 da suka mutu, ya bi gidajensu. Kusan dukansu rijiyar titin Broad ce ta fi kusa da su. Goma ne kaɗai su ke kusa da wata rijiya dabam, cikinsu kuwa 5 danginsu sun ce daga titin Broad su ke aikawa a ɗebo musu, 3 kuma yara ne masu zuwa makaranta kusa da famfon.

Ya kuma bincika waɗanda suka tsira. Akwai gidan gajiyayyu a unguwar mai mutum 535, amma 5 kaɗai suka mutu, gama suna da tasu rijiya. Akwai wurin dafa giya a kan titin, ma'aikata kamar 70, ba wanda ya mutu, su ma ba su shan ruwan famfon. Sa'an nan ga wata gwauruwa a Hampstead, nesa da Soho, inda babu annobar. Dā ta zauna a titin Broad, ta saba da ruwan, kullum a kan kawo mata shi a babbar kwalba. Ta sha, ta mutu. 'Yar 'yar'uwarta da ta ziyarce ta ta sha, ta koma gida ita ma ta mutu.

Da maraicen 7 ga Satumba Snow ya tsaya gaban dattawan da ke lura da unguwar ya faɗa musu abin da ya gani. Ba su gamsu sosai ba, amma kashegari suka sa aka cire hannun famfon. Snow mutum ne mai gaskiya, bai yi fahariya cewa shi ya tsai da annobar ba. Shi da kansa ya rubuta cewa ta riga ta fara sauƙi, tun da shi ke mutane da yawa sun gudu. Jimlar waɗanda suka mutu ta kai 616.

Saura tambaya guda: ta ina cutar ta shiga rijiyar? Wanda ya amsa ta wani matashin pasto ne na majami'ar unguwar, Henry Whitehead. Ya yi ta shiga gidajen marasa lafiya tun farkon annobar, ya san mutanen da sunayensu. Da fari bai yarda da maganar Snow ba, ya shiga bincike ne domin ya ƙaryata shi. Amma da ya bi gida gida, sai shaida ta rinjaye shi, bai kuwa ji kunyar sāke ra'ayi ba. Shi ne ya gano cewa a gida mai lamba 40, daf da famfon, wata jaririya ta kamu da gudawa kafin annobar ta ɓarke. Uwarta ta wanke tsummokinta ta zuba ruwan a ramin masai na ƙofar gida. Da aka tona a 1855 aka tarar tubalin ramin ya ruɓe, tsakaninsa da rijiyar bai kai ƙafa 3 ba, ƙazanta tana yoyo cikin ruwan da jama'a ke sha.

Duk da wannan, hukumar lafiya ta ƙasar ba ta karɓi maganar Snow ba, har daga baya aka mayar wa famfon hannunsa. Ran 10 ga Yuni, 1858, ciwon shanyewar jiki ya buge shi yana zaune yana rubutu. Ya rasu ran 16 ga watan, yana da shekara 45, bai taɓa aure ba. Bai rayu ya ga ranar da aka gaskata shi ba. Wani masani a Italiya, Filippo Pacini, ya ga ƙwayar cutar a madubin likita tun 1854, amma ba a kula ba sai da Robert Koch na Jamus ya sāke gano ta a Masar da Indiya a 1883 da 1884. A 1892 kuwa duniya ta ga darasi a fili. Birnin Hambag yana shan ruwan kogi ba tacewa, kwalara ta kashe kimanin mutum 8,600. Maƙwabcinsa Altona yana shan kogin nan guda, amma yana tace ruwan da yashi, sai cutar ta taɓa shi kaɗan.

To, ina ruwanmu da labarin Landan? Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, tun daga nan kuwa ta kan dawo, musamman da damina. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka mutu, Jihar Katsina tana cikin inda abin ya yi tsanani. Hanyarta ba ta sāke ba, daga masai zuwa ruwa, daga ruwa zuwa baki.

Mutane su kan tambaya ko lalle ne kowane gida ya sayi matacin ruwa. Mun ga tacewa tana da amfani. Tace ruwan tafki da ƙyalle yana cikin abubuwan da suka kori kurkunu daga ƙasarmu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu, amma a 2013 aka ba Nijeriya shaidar ta rabu da shi. A Bangaladash kuma an gwada tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi. Sai dai mu lura, rabi ba duka ba ne. Ƙyalle yana tare ƙananan ƙwarin ruwa da datti, amma ƙwayar cuta ta kan wuce ta ramukan saƙa. Alam yana kwantar da laka, ba ya kashe cuta. Matacin kanti ma iri iri ne, wanda ba a wankewa kuwa ya kan zama gidan ƙazanta. Ruwan titin Broad garau ya ke a ido.

Saboda haka mu bi shawarar Snow bi da bi. Da fari a tsare tushen ruwa. Kada a haƙa masai kusa da rijiya, ma'aikatan lafiya su kan ce a bar kamar mita 30 tsakani. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a rataye guga da igiya kada su kwana a ƙasa. Wanda ke sayen ruwan 'yan garuwa ya tambaya inda a ke ɗebo shi. In ba mu amince da ruwa ba, a tace shi, sa'an nan a tafasa shi sosai, ko a sa masa kulorin bisa ga awon da ma'aikatan lafiya suka nuna. A rufe randa, a keɓe mata moɗa guda mai tsabta. Mai jiyya ya wanke hannu da sabulu, ruwan wankin kayan mara lafiya kuwa a zubar da shi nesa da rijiya.

Bayajida ya sare kan maciji sau ɗaya, garin ya huta. Wannan macijin sai an tsare shi kowace rana, ba kuwa aikin gida ɗaya ba ne, gama masan maƙwabci yana iya ɓata rijiyar unguwa duka. Likita da pasto sun gano shi ne domin sun shiga gidajen mutane sun yi tambaya. Dattawan ekklesiya da zumuntar mata suna iya yin haka a unguwarsu tun damina ba ta sauka ba. Bari kowannenmu ya fita yau ya auna takun da ke tsakanin masansa da rijiyar da 'ya'yansa ke sha.