Louis Braille: Makahon da Ya Ba Makafi Alƙalami

Duk wanda ya taɓa shafa ɗigo-ɗigon nan masu tudu a jikin kwalin magani, to ya taɓa aikin wani yaro ɗan shekara 15.

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairun 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Paris na Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi da kayan doki. Yana ɗan shekara uku, garin wasa a rumfar aikin mahaifin nasa, ƙarfen huda fata ya soke masa ido. Ciwon ya kama ɗayan, kafin ya cika shekara biyar ya makance.

A zamanin nan, bara ce makomar yawancin makafi. Iyayensa suka ƙi yarda, suka kai shi makarantar ƙauye yana ɗaukar darasi da kunne. A 1819 ya samu gurbi a makarantar makafi ta Paris. Can ma littattafan kaɗan ne, ga nauyi, an kumbura manyan haruffan masu gani a jikinsu. Ka sha wahalar karantawa, rubutu kuwa babu hali.

Sai wani tsohon soja, Charles Barbier, ya zo da tsarin ɗigo 12. Louis ya lura yatsa ɗaya ba ya rufe su a taɓi guda. Ya yi ta gwaji har ya mayar da su ɗigo shida, masu ba da alamomi 63. Ya kammala a 1824, ya wallafa a 1829.

Kun zaci an rungume shi? Ina! Malamai masu gani suka yi ta jan ƙafa, har wani shugaban makarantar ya haramta rubutun. Ɗalibai kuwa suka ci gaba da amfani da shi a ɓoye, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Louis ya koyar a makarantar, daga baya tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 6 ga Janairun 1852. Sai a 1854 aka amince da rubutunsa a hukumance.

Yau duniya na tunawa da shi kowace 4 ga Janairu, Najeriya ma tana da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman tun 2019. Amma ɗalibi makaho a ajinku, da me yake karanta takardar jarrabawa? Kafin a yanke masa abin da ya dace da shi, a fara tambayarsa.