Cyprian Ekwensi (1921–2007): Marubucin Labaran Laifi da Ramuwar Gayya

An haifi Cyprian Ekwensi a garin Minna ranar 26 ga Satumba, 1921. Asalin iyayensa Ibo ne, mahaifinsa kuwa mafaraucin giwaye ne wanda ya iya ba da labari. Da yake a Arewa ya tashi, ya ji Hausa tun yana yaro. Ya yi karatu a Jos da Ibadan da Kwalejin Achimota ta ƙasar Gana, ya taɓa aikin gandun daji, sa'annan ya koyi haɗa magunguna a Legas da Landan. Daga bisani ya koma aikin watsa labarai, har ya zama daraktan yaɗa labarai na Gwamnatin Tarayya. A lokacin yaƙin basasa ɓangaren Biyafara ya yi wa aiki. Ya rasu a Inugu ranar 4 ga Nuwamba, 2007.

Da Ingilishi ya yi dukkan rubuce-rubucensa, amma ɗalibin adabin Hausa ba zai tsallake shi ba, domin a ƙasar Hausa ya samo fitattun labaransa na kisa da ɗaukar fansa. Gaskiya ne tauraron People of the City (1954) ɗan jarida ne mai bin labaran laifuka a birnin Legas, sai dai littafin da ya fi zama a zukatan 'yan makaranta shi ne The Passport of Mallam Ilia (1960), wanda aka gina a kan Kano ta farkon zuwan Turawa. Malam Iliya ya sami matarsa Zara ne ta hanyar cin gasar shanci, wasan da akan zubar da jini a cikinsa. Abokin karawarsa Usman ya yi sanadin mutuwarta, shi kuwa ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar Usman, har ƙasar Makka, kafin su yi arangamar ƙarshe a cikin jirgin ƙasa. Babu ɗan sanda mai bincike a nan irin na labaran Turawa. Wanda aka zalunta shi ne mai bin sawu, shi ne kuma alƙali.

Inda magana take shi ne An African Night's Entertainment (1962). Duk wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa biyar na farko, zai gane labarin nan take: attajiri Malam Shehu ya ƙwace Zainabu daga hannun saurayinta Abubakar, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ɗan da aka haifa, wato Kyauta, ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa. Sunayen ma ba su sauya ba sai ta fuskar rubutu. A 1973 Neil Skinner ya jera littattafan biyu ya nuna yadda na Ingilishin ya bi sawun na Hausar. Masu kare Ekwensi sukan ce labarin baka ba shi da mai shi. Wannan hujja tana da rauni, domin Jiki Magayi bugaggen littafi ne mai ɗauke da sunayen mawallafansa kusan shekara talatin kafin nasa ya fito. Ya kamata malami ya sa ɗalibai su karanta su tare, su tantance da kansu abin da fassara ce da abin da Ekwensi ya ƙara.