Mike Hawthorn: Zakaran Tseren Mota Da Hanya Ta Ci

An haifi Mike Hawthorn a Ingila ran 10 ga watan Afrilu, 1929. Ubansa yana da garejin motoci a garin Farnham, saboda haka cikin ƙarafa da baƙin mai ya tashi. Uban nan ma haɗarin mota ne ya yi ajalinsa a 1954.

Ran 11 ga watan Yuni, 1955, Hawthorn ya shiga tseren awa 24 na Le Mans, a ƙasar Faransa, da motar Jaguar. Ya wuce wani direba, Lance Macklin, sai nan take ya taka birki don ya ratse wurin shan mai. Macklin ya kauce don kada ya doke shi, ashe Pierre Levegh na tafe a guje da Mercedes. Motar Levegh ta hau bayan ta Macklin, ta tashi sama, ta tarwatse cikin 'yan kallo. Levegh ya mutu, da mutane fiye da 80. Ba a tsai da tseren ba, kuma Hawthorn da abokin tuƙinsa ne suka ci.

Binciken hukuma bai ɗora wa direba ko ɗaya laifi ba. An ce filin ne ya tsufa, bai dace da gudun sababbin motoci ba. Daga baya aka faɗaɗa wurin, aka nisantar da 'yan kallo, ƙasar Suwizalan kuwa ta hana irin wannan tsere shekaru masu yawa. Duk da haka, an daɗe ana muhawara a kan birkin nan.

A 1958 Hawthorn ya zama zakaran duniya da motar Ferrari, ɗan Ingila na farko da ya sami wannan matsayi, ya fi Stirling Moss da maki 1 tak. A shekarar kuma amininsa Peter Collins ya mutu a tseren Jamus. Sai ya ce ya bar tsere.

Wata uku bayan haka, ran 22 ga Janairu, 1959, yana tafe kusa da garin Guildford, hanya jiƙe da ruwan sama, ya wuce motar wani abokinsa a guje. Motarsa ta kuɓuce masa a kwana, ta gogi wata babbar mota, ta daki bishiya. Nan ya mutu yana da shekara 29.

To, 'yan'uwa direbobi, mutumin da ya tsira daga filin tsere hanyar kowa da kowa ce ta ci shi. Sannu sannu kwana nesa.