John McCarthy, mutumin da ya ƙi jiran amsar kwamfuta

Idan ka fara koyon rubuta manhaja, ka san 'yar tagar nan da ke ƙasan wurin rubutu: ka buga layi ɗaya, ka danna, nan take amsa ta fito. Ka yi kuskure ta gaya maka, ka gyara ba tare da ka bar shafin ba. Masu sana'ar na ce mata REPL, kuma in ka bi salsalarta, wurin John McCarthy za ka tsaya.

An haife shi a Boston ta Amurka ranar 4 ga Satumba, 1927. Mahaifinsa daga Ireland ya zo, mahaifiyarsa daga Lithuania. Tun yana sakandare ya samo littattafan lissafi na jami'ar Caltech ya koyar da kansa. Da ya shiga jami'ar kuwa, sai da aka dakatar da shi saboda ƙin zuwa darasin motsa jiki! Ya dawo ya gama a 1948, ya yi digirin digirgir a Princeton a 1951.

A zamaninsa, kati kake huda wa ramuka, ka miƙa wa ma'aikaci, ka tafi. Bayan sa'o'i, wani lokaci sai gobe, a ba ka takarda cewa ka manta waƙafi ɗaya. Kamar ka ba direba saƙo daga Zakka zuwa Katsina ne, ya dawo da yamma ya ce ba a gane sunan ba. Wannan jiran ne ya dami McCarthy. A 1959 ya rubuta shawara a MIT cewa a raba lokacin kwamfuta ɗaya tsakanin mutane da yawa, kowa ya riƙa samun amsarsa a take.

Shekara ɗaya kafin nan ya ƙirƙiro yaren Lisp. A cikinsa akwai wani ɗan aiki mai suna eval, mai karanta umarni ya zartar. Shi a takarda kawai ya tsara shi, don nazari. Steve Russell da ke aiki tare da shi ne ya ga ai za a iya ɗora shi kan IBM 704, ya kuma ɗora. A 1964, L. Peter Deutsch, yaro da bai kai shekara 20 ba, ya sa Lisp yana amsa mutum kai tsaye a kan PDP-1. Manhajar rubutu ta GNU Emacs, wadda ta fito a 1985, Lisp ne a cikinta. Kana rubutu kana gwadawa, kamar mai girki da ludayi a hannu.

Ni abin da ya fi burge ni, tagar ba ruwanta da data. Ka sauke Python sau ɗaya a Dutsin-Ma ko Safana, ka koma gida, ko sabis ya ɗauke tana amsa maka.

Shi ne kuma ya raɗa wa ƙirƙirarriyar basira sunanta na AI a 1955, ya karɓi kyautar Turing a 1971. Ya rasu ranar 24 ga Oktoba, 2011, yana da shekara 84, kwana 19 bayan Steve Jobs, lokacin da hankalin duniya ke can.