Ibn Batuta da Hawan Dutsen Sarandib

An haifi Muhammadu Ibn Batuta a Tanja ta ƙasar Maroko cikin 1304. Ya fita aikin hajji a 1325, bai komo gida ba sai bayan shekara 24. A 1344 ya hau Dutsen Adamu na tsibirin Sarandib, watau Sri Lanka, mai tsawon mita 2,243, yana kama sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa a jikinsa. Abin da ya kai shi ƙoli shi ne ziyarar sawun da ake dangantawa da Annabi Adamu. A 1353 ya iso Takadda, yamma da Agadas, har ya ambaci Gobir cikin littafinsa. Ya rasu a Maroko wajen 1369.